Kwalbar da Ta Cinye Mini Aure

Tana cikin akwatin gilashi, a jeri na biyu, tsakanin jan baki da hoda. 'Yar kwalba ce da ba ta fi tsawon babban yatsana ba, ruwan cikinta kalar zuma, a murfinta akwai 'yar baƙar roba da ake matsawa ta zuƙo ruwan a ɗiga. Hasken ƙofar shago ya sauka a kanta, ni kuwa na tsaya ina kallonta kamar yadda 'yan matan cikin littafi suke tsayawa ranar da suka fara ganin wanda zai sace musu zuciya. Da na san abin da ke ciki, da na juya na koma Tarai da baƙin idona ina godiya ga Allah.

Sunana Ramlatu, 'yar Tarai ce ni ta ƙasar Kibiya. Na rubuta wannan ne don 'yan mata masu shirin aure, musamman masu irin fatata. Kuma ba zan ɓoye ba, na rubuta ne don wata mata ta ji ana karantawa.

A lokacin saura mako huɗu a ɗaura mini aure da Sagir, direban bas mai jigila tsakanin Rano da Kano. Ba wanda ya haɗa mu. Littafi na manta a motarsa, ya biyo ni da shi har ƙofar gidanmu, ya ce ya karanta shafi uku ya ga duk ƙarya ce, amma yana so ya ji ƙarshen daga bakina. Wadda ta tashi da littattafan haya tun tana aji ɗaya na sakandare, me kuma take jira? Na riga na tsara komai a kaina: zai ɗaga mayafi, zai kalli idona, zai rasa abin faɗa. Matsalar ɗaya ce. A littafi idon amarya dara-dara ne, fari tas, ƙarƙashinsa sumul. Nawa dara-daran ne, amma ƙarƙashinsu akwai baƙi kamar an goga gawayi. Inna ta ce karatu da tocila ne ya jawo mini, in ƙyale shi.

Ga shi kuma fatata ba ta ɗaukar wargi. Sabulu mai ƙamshi ƙuraje yake feso mini. Ɗan kunnen da ba na gaske ba, kwana ɗaya kunnena zai fara ruwa. Duk gidanmu an san wannan, kuma na faɗa wa Anti Luba da bakina.

Anti Luba ita ce mai shagon, a Rano, ba nisa da tasha. Ita ke gyaran jikin amare tun daga cikin gari har ƙauyukanmu, dilka da halawa da turare, kuma da ita aka yi magana za ta yi nawa. Ni da yayata Hassu muka je, wadda ke aure a Zurgu. Da na nuna mata ƙarƙashin idona, sai ta ɗora abu biyu a kan gilashin.

"Zaɓi ya rage naki, amarya. Wannan kirim ne." Ta turo wani farin bututu mai rubutu a jiki, bakinsa a liƙe. "Ba ƙamshi, ba komai, kamar man kaɗe. Sai ki yi wata uku kina shafawa kafin ki ga ɗan haske. Tsofaffi nake sayar wa. Wannan kuwa," ta ɗaga 'yar kwalbar nan ta juya ta a haske, "siram ne. Ruwa ne, fata shanye shi take yi kamar ƙasar rani. Kwana bakwai, ke da kanki ba za ki gane kanki a madubi ba."

Wannan ita kaɗai ce gaskiyar da ta faɗa mini.

Yaya Hassu ta karɓi kwalbar ta jujjuya. "Anti, wannan ai ko takarda babu a jikinsa."

"Takarda za ta shafa ko magani? Na waje ne, a babbar kwalba yake zuwa, ni nake rarrabawa don talaka ma ya samu."

"Ramla, ɗauki farin nan. Kin san halin fatarki."

"Yaya, wata uku fa ta ce. Sai na fara laulayi sannan zan yi kyau?"

Anti Luba ta tuntsire da dariya, ta ba ni hannu muka tafa. "Rabu da ita, ƙanwata. Ita ta riga ta shige, haihuwa biyu, wa zai kalli idonta? Siram ɗin ma ai don masu laushin fata aka yi shi, ba ya zama a sama balle ya toshe wani abu."

Na ɗauki kwalbar. Muka rabu da Yaya a tasha.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne yadda muke gyaran jiki. Amarya in ta shiga gyara, ta shiga ɗaki ke nan: ba rana, ba aiki, ba baƙi, ango kuwa sai dai a waya. Aka ba ni ƙuryar ɗakin Inna, aka saki labule a taga. Anti Luba takan zo bayan kwana bibbiyu ta murza mini dilka, ta tafi ta bar ni da kurkum a fuska. Ta ce siram ɗin in ɗiga uku-uku safe da yamma, ƙarƙashin ido da saman fatar ido, sannan in lulluɓa da bargo a kan kaskon turaren wuta, don gumi ya buɗe ƙofofin fata maganin ya shiga ciki sosai. Haka na yi, ban tsallake ko sau ɗaya ba.

Ranar farko ɗan yaji-yaji na ji, kamar na yanka albasa. Rana ta uku ya koma ƙaiƙayi, irin wanda mutum zai ji kamar ya ciro wurin ya yar. Na faɗa wa Anti Luba tana murza mini ƙafa.

"Alhamdu lillahi, ya karɓe ki," in ji ta. "Zafin nan shi ne aikin. Maganin da ba ya zafi ai ruwan randa ne. Tsohuwar fata ce take tashi, ƙara ɗigo ɗaya."

Inna ma daga bakin ƙofa ta ce, "Amarya ba ta raki. Mu a zamaninmu da me aka goge mu? Sai an sha wuya akan sha daɗi."

Ban ga laifin Inna ba. Ɗakin da duhu, fuskar kurkum ya rufe ta, ja da rawaya duk sun zama ɗaya. Ba wanda ya ga yadda wurin yake, har ni, domin Anti Luba ta kife madubin, wai amaryarta ba ta duba madubi sai an gama, don ta sha mamaki. Ina cikin bargo hayaƙi na ratsa ni, hawaye na zuba, ina ce wa kaina ai duk jarumar kirki sai ta yi kuka kafin babin ƙarshe.

Rana ta tara da safe idona na hagu ya ƙi buɗuwa. Ya kumbura suntum, gashin idon ya manne da wani ruwa mai yauƙi, na dama kuma ɗan tsagi kawai ya rage. Inna ta ɗaga labule haske ya shigo, ta saki salati, kwanon kokon da ke hannunta ya kife.

Aka kira Anti Luba a waya. Ta ce tana Kano sarin kaya, a dakata da maganin kwana biyu, datti ne yake fita. Daga ranar ba ta sake taka gidanmu ba.

Kwanakin da suka biyo baya na masu shawara ne. Goggo, ƙanwar Baba, ta ce kambun baka ne, lefen nan ai duk gari sun gani. Aka karɓo rubutu na wanke fuska da shi. Maƙwabciyarmu mai jego ta zo ta tatsa nono ta ɗiga mini a ido. Bafulatanar da ke kawo mana kindirmo ta ce man shanu, wata ta ce zuma, wata ta ce a rambaɗa kwalli, kwalli ba ya barin ciwon ido. Kwallin nan, Allah ne shaida, ji na yi kamar an zuba mini barkono. Mai kemis ya aiko da maganin ɗigawa na afolo ba tare da ya gan ni ba, don an ce masa amarya ba ta fita. Kowa da kyakkyawar niyya ya zo, na gode musu, amma kwana biyar suka ci mini, fatar kuwa ta fara saɓulewa kamar bawon dafaffen tumatir.

Yaya Hassu ce ta kawo ƙarshen abin. Labari ya kai mata Zurgu, ta hau babur da goyonta, ta shigo ko sallama ba ta ƙarasa ba ta yaye mayafina.

"Inna! Ido ake wasa da shi haka? Ku tashi, asibiti."

Goggo ta ce, "Ke Hassu, amarya a cikin gyara za a fitar? Saura mako biyu biki, a ce me a gari?"

"A ce makauniya aka kai, shi ya fi miki, Goggo?"

Inna, wadda ko sunan Yaya ba ta faɗa saboda 'yar fari ce, ta ce a hankali, "Ku bi maganar ta Zurgu." Ta ɗauko hijabinta.

Muka isa asibiti a Rano da hantsi. Layin kati daban, layin ganin likita daban, benci ya cika muka zauna a ƙasa gindin darbejiya, ƙudaje na bina ina kora da gefen hijabi. Sai bayan azahar aka kira mu. Ma'aikacin da ya duba ni mutumin kirki ne. Ya wanke mini wurin da hannunsa, ya ce kada a ƙara sa komai, ko rubutu ne a sha shi kawai, ya ba mu takarda zuwa asibitin ido a Kano, ya ce gobe-goben nan.

Washegari a tashar Rano, motar da ke kan layi ta Sagir ce. Na ji muryarsa kafin Yaya ta gan shi, yana tsokanar ɗan kamasho, yana wannan dariyar tasa. Na ja niƙabin aro na rufe har ido, na damƙe hannun Yaya na ce mu jira ta gaba.

"Ke, mijinki ne fa. Ya kai mu mana, ya ga halin da ake ciki."

"A'a, Yaya. Ba haka zai fara ganin idon amaryarsa ba."

Muka raɓe a bayan rumfar mai shayi har motarsa ta cika ta tashi, muka ƙara awa biyu muna jiran wata. Har yau nakan tambayi kaina: da ya gan ni ranar da ɗanyen ciwo, ya ji da kunnensa abin da likita ta ce, da ƙaryar da ta zo daga baya ta sami wurin zama?

Likitar mace ce, 'yar siririya mai tabarau. Ta haska idona da fitila, ta ɗiga wani abu, ta daɗe tana dubawa. Yaya ta miƙa mata kwalbar. Ta buɗe, ta shinshina, ta kawar da kai.

"Wa ya ce miki wannan siram ne? Kwalbar ce ta siram. Abin da ke ciki haɗi ne, irin na masu bilicin. Malama, wannan ba cuta ba ce, ƙuna ce. Ƙuna kamar ta wuta."

Ta ce fatar da ke kewaye da ido ta fi ko'ina siranta a jikin mutum, kamar bawon albasa take, abin da gwiwa za ta ɗauka ita ba za ta ɗauka ba. Da na ba ta labarin bargo da kasko, sai ta ajiye biro ta kalle ni. "Wato kin zuba, sannan kin dafa." Ta ce ƙwayar idon hagu ta ƙuje, amma da sauran rabo, da mun ƙara mako guda a gida, da sai dai haƙuri.

Muka sauka gidan wata 'yar'uwar Inna a birni, mako uku muna zuwa wanki da dubawa. A nan na san wace ce uwata. Sau huɗu a rana Inna za ta tafasa ruwa, ta bar shi ya huce, ta wanke hannu kamar mai shirin salla, ta goge mini da auduga daga ciki zuwa waje yadda aka koya mata, ta ɗiga magani ba ƙari ba ragi, matar da ba ta taɓa shiga aji ba. In ƙaiƙayi ya taso, ita ke riƙe mini hannuwa da hannu ɗaya tana mini fifita da ɗayan. Yaya ta bar babban ɗanta a Zurgu wurin uwar miji, kullum ita ke sammakon kama mana layi, wani lokaci mu wuni a benci a ce likita ta shiga tiyata, mu dawo gobe. Baba kuwa shinkafa da man gyaɗar da ya tara don gara su ya riƙa fitarwa kasuwa, mota da magani suka lashe. Allah ya saka musu da Aljanna. Aka aika gidan su Sagir cewa amarya na ciwon ido, a ɗaga biki. Kullum yana kira, ina ce masa da sauƙi, ina hana shi zuwa. Ina so sai na warke sarai in fito masa kamar wata daren goma sha huɗu.

A mako na shida ɓawon ya faɗi. Ido ya buɗe, ina gani, na yi sujada. Sai aka ba ni madubi. Idon hagu farin zobe ya kewaye shi, fari fat kamar an shafa alli, ƙarƙashin na dama kuma tabo biyu kamar sawun yatsa. Likita ta ce ƙunar ce ta kashe launin wurin, zai iya dawowa a hankali, ko duka ko rabi. Ta rubuta mana a takarda da hatiminta cewa ba albaras ba ne, ba a gadonsa, ba a ɗaukarsa.

Muna dawowa Yaya ta wuce shagon Anti Luba da kwalbar. Ba ta nemi komai ba, cewa ta yi ta zo ta duba ni, ta kuma daina sayar wa 'ya'yan mutane. Shagon cike da mata. Yaya ta ce matar nan ko gezau ba ta yi ba.

"Hassu, amare nawa na gyara a ƙasar nan? Wa ya taɓa ƙonewa? Ni fa na ga alamar tun ranar da na fara murza ta, na yi shiru don rufin asiri. Albaras ne, a jini yake. Maganina bai kawo shi ba, tono shi ya yi. Dangin ango ma godiya ya kamata su yi mini."

Mai gyaran jiki ba gidan bikin da ba ta shiga. Kafin mako ya zagayo maganar ta je Kibiya ta dawo, har an samo mini wata kaka da wai da shi ta mutu, kakar da ni ban taɓa jin sunanta ba.

Ranar da Sagir ya ce lallai sai ya zo, da la'asar, na yi wanka na sa atamfar da ya fi so. Na san wannan babin, na karanta irinsa ba adadi: za ta buɗe fuska tana kuka, shi kuma zai ce ko makancewa kika yi ni ne sandarki. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, na miƙa masa takardar likita, sannan na sauke mayafi.

Ya karanta takardar. Ya sake karantawa.

"Ni na yarda, Ramla. Wallahi na yarda."

"To ka kalle ni mana, Yaya Sagir."

Ya ɗago, ƙiftawar ido ɗaya, ya mayar da kai kan mukullin motarsa.

"Hajiya ce. Ta ce in ƙuna ce, me ya sa aka ɓoye mana wata guda da rabi? Ta ce abin da ake ɓoyewa shi ne na jini. Ita jikoki take ji, takarda kuwa ko a tasha ana rubuta ta."

"Kai me ka ce?"

"Na ce a ba ni lokaci."

Lokacin mako biyu ne. Kawunansa suka zo suka ga Baba, aka yi maganar manya, wai Allah bai ƙaddara ba. Baba ya sa aka fito da akwatunan, ya ce ko allura kada a bari. Ni na ninke kayan da hannuna. Ban yi kuka a gabansu ba. Likita ta hana ni murza ido, kuka kuwa sai da murzawa.

Yaya ta matsa aka kai ƙara wurin mai unguwar su Anti Luba. Anti Luba ta zo da sabon mayafi, aka ajiye kwalbar a tsakiyar tabarma. Ta dube ta kamar ba ta taɓa ganinta ba.

"Ranka ya daɗe, ina sunana a jiki? Ina sunan shagona? Irin kwalaben nan ko a bola ana tsinta."

Rashin takardar da Yaya ta yi magana a kai tun farko, shi ya fitar da ita. Aka ce a yi haƙuri, a bar wa Allah. Na miƙe na ce, "Na bar masa. Allah ya isa tsakanina da ke, Luba." Ban sa mata Anti ba, ban kuma ƙara sa mata ba. Baba ya daka mini tsawa a gaban mutane, amma a hanya tsire ma ya saya mini.

Launin ya riƙa dawowa ɗigo-ɗigo kamar jikin zabuwa, shekara guda da wani abu. Na dama ya cike. Na hagu ya bar mini farin jinjirin wata a ƙasa, gashin wurin bai sake tsirowa ba, kuma in rana ta yi zafi idon hawaye yake yi ko da dariya nake. Abin da likita ta ɗora ni a kai bayan ciwo ya warke farin kirim ne marar ƙamshi, ɗan'uwan wanda aka ce na tsofaffi ne. Na tambaye ta ko siram duk mugun abu ne. Ta ce a'a, akwai na gaske masu kyau, amma shi ruwa ne mai ƙarfi, da sauri yake ratsawa. Mai fata irin tawa gara ta fara da kirim, shi yakan zauna a sama ya tsare wurin. Ko wanne ne, in ji ta, a liƙe za ki saya da rubutunsa, ki shafa a bayan kunne ki jira kwana biyu, in ya yi shiru sannan ki ɗauki kamar ƙwayar shinkafa ki ɗora a kan ƙashin da ke ƙarƙashin ido, ba a fatar idon ba. "In ya yi zafi, ba aiki yake ba, ɓarna yake. Wanke shi." Ta ƙara da cewa baƙin nawa ma na halitta ne, ba kwalbar da za ta goge shi. Ta nuna Inna, ashe ita ma tana da shi, ban taɓa lura ba.

Daga nan na zama mai zuwa gidan biki ko ba a gayyace ni ba. In na ji an sa ranar wata, sai in je in zauna kusa da uwarta, in sauke mayafi, in ce, "Mama, kin ga aikin Luba." Wasu sun ji, an fasa kai mata amare. Wasu kuwa kallon tausayi suke mini, in na juya in ji ana raɗa, "Ita ce mai albaras ɗin." Akwai wadda ta janye kofin ruwanta daga gabana. Duk ranar da aka janye mini kofi, sai na ƙara wa Luba Allah ya isa a sujada.

Shekara shida bayan nan, ina gidan mijina a Lausu. Malam Habu mai gyaran injin ban ruwa ne, bai taɓa buɗe littafin soyayya ba, bai kuma iya zance ba. Ranar da ya fara zuwa ya kalli tabon sosai ya ce, "Wuta ce?" Na ce wuta ce. Ya ce, "Sannu." Shi ke nan. 'Ya'yanmu biyu, fatarsu sumul. Masu jiran su ga jini ya yi halinsa suna nan suna jira.

Ina tankaɗe da hantsi aka yi sallama. Luba ce, ta yi ƙiba, da leda a hannu. Ta sami kujerar Makka, jirginsu saura kwanaki, tana zagayen neman gafara kamar yadda maniyyata ke yi. Ta ce mu shiga daga ciki. Muka shiga, ta saki labule da hannunta, ta durƙusa.

"Ramlatu, ki yafe mini don Allah. Ba na so in je gaban Ka'aba da nauyinki."

"Me zan yafe? Ai kin ce a jinina yake."

Ta yi ƙasa da murya. "Haɗin bilicin ne na gwiwa da ƙafa. Siram na gaske ya yi tsada, sai na riƙa sirka wannan ina ɗurawa. Wasu ba ya musu komai. Da naki ya ɓaci na tsorata. Kin san sana'a, in aka ce kin ƙona amarya, kin mutu."

Shekara shida ina jiran wannan magana. Na zaci in na ji ta zan ji sanyi. Ban ji ba, don ni kaɗai na ji ta, ni kuwa dama na sani.

"Zan yafe," na ce. "Ranar Asabar matan Islamiyyarku suna haɗuwa, Hajiyar Sagir tana sahun gaba. Ki miƙe ki faɗi abin da kika faɗa yanzu. Ba ɗanta nake so ba, ya yi aurensa na yi nawa. Sunana nake so, da na 'ya'yana. A gaban mutane kika ɓata shi, a gaban mutane za ki wanke."

"Haba ƙanwata, ki rufa mini asiri. Abincina ne fa."

"Ke kin rufa mini nawa?"

Ta yi kuka, ta ce in ta dawo za ta san yadda za ta yi. Ta turo mini ledar, turmin atamfa ne da turare. Na bi ta da ita har zaure na rataya mata a hannu.

Ta tafi, ta dawo da haƙorin Makka. Yau Hajiya Luba ake ce mata. Asabar ta zo ta wuce ba adadi, ba ta miƙe ba. Shagon ya zama biyu, amare na layi. In motar da na hau ta tsaya kusa da ƙofarta ta hango ni, sai ta sunkuyar da kai ta shige ciki, ni kuwa ba na rufe fuska.

Mutane suna ce mini in yafe, ai ta tsaya a Arfa, an wanke ta. Na tambayi malaminmu, ya ce Arfa tana wanke abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, haƙƙin mutum kuwa sai mai shi. To mai shi tana Lausu, idonta na hagu yana hawaye, kuma ba ta gaji ba. Akwai taron da ya fi na Asabar, ba labule a wurin, Hajiyar Sagir ma za ta zo. A can Luba za ta faɗa da ƙarfi.